Q×f ɗina ya ƙi tashi, wane sinadari zan ƙara wa MgTiO3 da CaTiO3?

Safiyya_MSc:
Assalamu alaikum manyana da yayyena. Don Allah ina neman shawara, wlh abin ya fara hana ni barci. Aikina a kan seramik ne na na'urorin maikurowef, ina haɗa 0.95MgTiO3 da 0.05CaTiO3 ta hanyar da aka saba, wato a auna gari a niƙa a ƙona a sake niƙawa a danne a gasa. Abin da kowa ya sani shi ne wannan haɗin yana ba da εr wajen 20 zuwa 21, Q×f kusan 56,000 GHz, τf kuma dab da sifili. Ni kuma nawa εr 18 yake ba ni, Q×f ko 20,000 bai kai ba, sau uku ina maimaitawa kusan abu ɗaya nake samu. Na gasa a 1350°C na awa biyu. Yanzu tunanina in ƙara wani sinadari, ko Zn ko Co ko B2O3, to wanne ya fi? Lokaci na ƙure min shi ya sa.

Abdul_Kimiyya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki tafi da Zn kawai. Akwai ayyukan Cheng-Liang Huang da ɗalibansa a Taiwan, sun cire kashi 5 cikin ɗari na Mg suka sa Zn ko Co a gurbinsa, Q×f na MgTiO3 ɗin ya haura 200,000, alhali shi zallansa wajen 160,000 yake. Kuma Zn na taimakawa ya daskare a zafin da bai kai na da ba. In kuma matsalarki tanderu ce ba ya kai 1450, ɗan B2O3 kaɗan zai sauko miki da zafin gashi zuwa wajen 1200 saboda yana narkewa ya zama ruwa-ruwa tsakanin ƙwayoyin garin ya jawo su su haɗe. Ni da ni ne Zn zan fara.

Nura99:
Ku yi haƙuri in katse ku, ni ɗan aji biyu ne ina bin ku ne kawai. Maikurowef ɗin nan na ɗumama abinci ake nufi? kuma mene ne Q×f da τf ɗin da kuke ta faɗa

Injiniya Bashir:
Nura tambayarka ta yi kyau, kar ka ji kunya. Maikurowef zango ne na igiyar rediyo, daga 300 MHz har 300 GHz, na ɗumama abincin ɗaya ne kawai daga cikin masu aiki a wurin, shi yana kan 2.45 GHz. Wayarka, WiFi, GPS, rada, dish ɗin satalayit, turakun sabis, duk nan suke. A cikinsu akwai 'yan ƙananan gutsattsarin seramik da ke aikin tace sigina ko riƙe firikwensi ko zama eriya. In ka taɓa buɗe na'urar GPS za ka ga wani ɗan murabba'i mai kauri da aka shafe samansa da azurfa, to wannan seramik ne, eriya ce ta 1575.42 MHz.

Abu uku muke dubawa. εr shi ke faɗa maka yadda abu zai ƙanƙance, sbd tsawon igiya a cikin seramik yana raguwa da tushen murabba'in εr. Misali a 3.5 GHz igiya a iska wajen santimita 8.6 ce, in ta shiga abu mai εr 20 sai ta koma ƙasa da santimita 2, ka ga filta da da sai an yi akwatin ƙarfe babba yanzu ta koma abin da za ka rufe a tafin hannu. Q kuma kishiyar asara ce, wato 1/tanδ, in Q ya yi ƙasa siginar na zama zafi a cikin kayan maimakon ta wuce, kuma filtar ba za ta iya raba tashar da kake so da ta maƙwabta da kyau ba. Ana ninka shi da firikwensi ne don a iya kwatanta wanda ya auna a 7 GHz da wanda ya auna a 10 GHz, tunda a wannan zangon Q na sauka kusan daidai da yadda f ke hawa. τf shi ne yadda firikwensi ke zamewa in zafi ya canza. Ɗauki 10 GHz da abu mai τf 50 ppm (kashi 50 cikin miliyan) a kowane digiri, zafi ya canza da digiri 40, ka zame da 20 MHz ke nan, na'ura ta bar tasharta.

Nura99:
Na gode sosai Injiniya, yanzu na gane inda aka dosa

Dakta Hauwa:
Safiyya kafin a yi maganar Zn, ki ba ni amsar abu uku. Nawa ne densitin ƙwayoyin da kika danne kika gasa, wato nauyinsu a kan girmansu, in kin auna da hanyar Archimedes? Me XRD, wato gwajin X-ray da ke nuna irin kiristal ɗin da ke ciki, ya nuna? Sannan MgO ɗin da kika auna, kin ƙona shi kafin ki ɗora a sikeli ko daga kwalba kika ɗebo kai tsaye?

Safiyya_MSc:
Ranki ya daɗe densiti wajen 3.5 g/cm³ nake samu. XRD na yi sau ɗaya, MgTiO3 ya fito sosai, amma akwai wani ɗan tsini a jadawalin wajen kusurwar digiri 25 da ban tantance shi ba na ɗauka datti ne. MgO kuma gsky daga kwalba na ɗebo, ban san ana ƙona shi ba.

Dakta Hauwa:
To alhamdulillah, ai kin amsa tambayarki da kanki. Wannan haɗin in ya daskare gaba ɗaya wajen 3.9 yake, ke kina 3.5, wato kashi 90 cikin ɗari, kashi 10 na ƙwayarki iska ce. Iska εr ɗinta 1 ne. In kika sa ramuka kashi 10 a lissafin gyaran εr, abu mai 21 zai sauko kusan 18, daidai abin da kike gani. Kin ga ba wai sinadarinki ne ya gaza ba, ba a gama gasa shi ba ne. Kuma ɓarnar da ramuka ke yi wa Q ta fi wadda suke yi wa εr nesa ba kusa ba, domin bangon kowane rami wuri ne da tsarin kiristal ya yanke, ga shi in ramukan a buɗe suke suna shan danshin iska, ruwa kuwa a maikurowef asara ce tsantsa, shi ya sa ma ake ɗumama abinci da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ke wannan fanni ba ya yarda da adadin Q sai densiti ya wuce kashi 95.

Tsinin nan na wajen digiri 25 kuma ina kyautata zaton MgTi2O5 ne, ki duba katinsa na XRD. Sananne ne a wannan tsarin, yana fitowa tun wajen ƙonawar farko kuma in ya fito da wuya ya tafi. Shi εr ɗinsa kusan ɗaya da na MgTiO3 ne, wajen 17, shi ya sa ba za ki gane shi ta nan ba, amma Q×f ɗinsa bai kai 50,000 ba, yana ja miki ƙasa. Me ke kawo shi? Ti ya fi Mg yawa. Me ya sa Ti ya fi yawa? Nan ne maganar kwalbar MgO ta shigo.

Malam Sani Lab:
Dakta ta riga ni. 'Yata, shekaruna da yawa ina kula da tanderu da sikeli, kuma wannan kuskuren kusan kowane ɗalibi sai ya yi shi, ba laifinki ba ne, ba a rubuta shi a yawancin takardun da kuke karantawa. MgO mayen ruwa ne. Da zarar an buɗe kwalba yana jan danshi da iskar kabon, wani sashe ya koma Mg(OH)2 wani ya koma kabonet. Nauyin MgO 40.3 ne, na Mg(OH)2 58.3, to ke kin auna giram goma kina zaton duka MgO ne alhali wani kaso ruwa kika auna, in ya shiga wuta ruwan ya tashi ya bar ki da gibin Mg. Ki zuba shi a kurusibul mai tsabta ki ƙona a 900 ko 1000 na 'yan awanni, ki sauke shi da ɗuminsa ki sa a desiketa, ki auna da wuri kar ki bar shi yana jiran ki a kan benci. Ki auna nauyinsa kafin da bayan ƙonawa ki rubuta, za ki sha mamaki. Haka La2O3 da Nd2O3 suke ga masu aiki da su. CaCO3 da TiO2 busarwa a oben ta ishe su.

Sannan da me kike niƙa? In ƙwallayen alumina ne ki bari, ki nemi na zakoniya. Kuma ruwa kike sawa ko itanol? Ki sa itanol, in kika niƙa MgO cikin ruwa kin mayar da shi inda kika ɗauko shi.

Safiyya_MSc:
Baba Sani ruwa nake sawa wlh, distil wota, na awa shida. Ƙwallayen dai na zakoniya ne. Innalillahi, ashe tun daga sikeli na ɓata.

Abdul_Kimiyya:
Ni fa ban ƙi maganar Dakta da Baba ba, amma a duba halin da take ciki. Ta ce lokaci ya ƙure. Ƙarin sinadari ai shi ma hanyar samun densiti ne, ba ado ba ne. In tanderunsu iyakarsa 1350 ko 1400, za ta yi ta maimaitawa ne ba ta kai kashi 95 ba. Rabin kashi ɗaya na B2O3 ko CuO ko ɗan gilas ya warware mata matsalar a mako ɗaya. Kuma maganar gaskiya wa zai karɓi aikin da ya maimaita 95MCT zalla, wato wannan haɗin na 0.95MgTiO3 da 0.05CaTiO3, abin da aka sani shekara da shekaru? Dole sai da sabon abu a ciki.

Dakta Hauwa:
Abdul na ji ka, kuma maganarka ta biyu gaskiya ce, ba za ta kare digiri da maimaita abin da aka sani ba. Inda muka rabu shi ne tsari. In ta zuba Zn yau a kan garin da Mg ɗinsa bai cika ba, Q ya tashi daga 20,000 zuwa 30,000, me za ta rubuta? Za ta ce Zn ya gyara tsarin kiristal. Alhali wataƙila abin da ya faru kawai ZnO ya cike gibin da MgO ya bari ya rage MgTi2O5, ko ya ɗan ƙara densiti. Sakamakon ya yi kyau a ido amma bayanin ƙarya ne, kuma wanda ya zo bayanta ya gwada da gari mai kyau ba zai ga komai ba. Wannan ne ya cika fannin nan da takardu masu cewa kaza ya ƙara Q, kowa da adadinsa, abu ɗaya wani ya ce 50,000 wani ya ce 150,000. Abin yana damuna ƙwarai domin ɗalibai ne ke shan wahalarsa, su yi wata shida suna bin adadin da ba zai maimaitu ba.

Asarar nan iri biyu ce. Akwai ta asali, wadda ke cikin kiristal ɗin kansa ko da babu aibi ko ɗaya, tana zuwa ne daga yadda filin lantarki ke cuɗanya da girgizar atam. Wannan sai ka canza sinadari ko tsarin kiristal za ka taɓa ta. Akwai kuma ta waje: ramuka, baƙon sinadari irin MgTi2O5, datti, gurbin oksijin, tsagewa, iyakokin ƙwayoyin kiristal. Safiyya tana cikin ta biyu har wuya. Ba a maganin ta farko alhali ta biyu ce ke cin mutum.

Game da B2O3 kuma, yana aiki ba musu, amma ba kyauta yake yi ba. Abin da ya narke ɗin nan in ya huce yana zama a iyakokin ƙwayoyi a matsayin gilas, gilas kuwa ba shi da tsari, asararsa ta fi ta kiristal yawa. Kaɗan yana taimako, in ya wuce kima Q ya faɗi. Sai kana da ma'aunin zalla mai kyau za ka san ko riba ka ci ko faɗuwa.

Abdul_Kimiyya:
Ranki ya daɗe amma ai akwai inda ƙari kaɗan ya yi abin da gyaran gashi ba zai taɓa yi ba. Neil Alford a Landan ya sa wa alumina rabin kashi ɗaya na TiO2 a 1996, Q ya yi tashin da ya kusa na kiristal guda. Ga Ba(Zn1/3Ta2/3)O3, wato BZT, a da sai an riƙe shi a wuta har awa 120 kafin Zn da Ta su jeru ɗaya bayan biyu Q ya tashi, da mutanen kamfanin Murata suka sa masa ɗan BaZrO3 sai ga Q mai kyau ba tare da wannan doguwar jira ba. Ga Mn a Ba2Ti9O20. Duk waɗannan ƙari ne.

Dakta Hauwa:
Misalanka duka daidai ne, kuma ina so ka lura da abin da ya haɗa su. Alford alumina mai tsabtar gaske ya yi aiki da ita, kuma shi da abokan aikinsa su ne suka zauna suka auna yadda ramuka da girman ƙwaya ke canza asarar alumina, wato sun san zallan ciki da waje kafin su ce ƙari ya yi wani abu. Na BZT kuma an san cutar da ake magani, jeruwar atam ce da iyakokin yankunan da suka jeru, ga ZnO da ke tashi ya gudu in an daɗe a wuta. Mn ma an san aikinsa: Ti4+ na karɓar lantarki ya koma Ti3+ in oksijin ya yi ƙaranci a zafi mai yawa, Mn sai ya kama lantarkin. Kowanne an gano ciwon sannan aka ba da magani. Ni abin da nake ƙi shi ne a buɗe kabad a ɗauko duk kwalbar da hannu ya kai.

Malam Sani Lab:
Tunda an ambaci Ti3+, 'yata ki riƙa fasa ƙwaya ɗaya daga kowane gashi ki duba cikinta. In waje fari ne ko ruwan madara amma tsakiya ta yi duhu, toka-toka ko shuɗi-shuɗi, to oksijin bai koma ciki ba lokacin hucewa. Duk kayan da ke da titaniyam suna yin haka, TiO2 zalla ya fi kowa. Maganinsa kar ki kashe tanderu ki tafi, ki sauko da zafi a hankali, digiri 2 ko 3 a minti har wajen 1000, ko ki sake riƙe ƙwayoyin a wajen 1000 zuwa 1100 na wasu awanni cikin iska. In akwai silindar oksijin ma ya fi. Kuma PVA ɗin da kike ɗaure garin da shi, ki tsaya a 550 ko 600 ya ƙone ya fita sarai kafin ki hau sama, in kika yi sauri kabon ɗin na maƙalewa ciki ya ci oksijin ɗin kuma ya bar ramuka.

Injiniya Bashir:
Bari in shigo ta ɓangaren awo don nan ma ana asarar Q da ba ta kayan ba ce. Safiyya da wace hanya kika auna?

Safiyya_MSc:
Hakki-Coleman Yaya Bashir, ƙwaya tsakanin faranti biyu na ƙarfe, da VNA, na'urar da ke auna sigina a firikwensi daban-daban. Daga faɗin tsinin na ɗauki Q na ninka da f.

Injiniya Bashir:
To nan ma akwai gyara. Hanyar Hakki da Coleman tun 1960 take, Courtney ya inganta ta a 1970, kuma wajen εr ba ta da matsala in kin kama mod ɗin TE011 daidai, wato salon girgizar igiya da ake aunawa. Amma wajen Q, ƙwayar na manne da ƙarfe sama da ƙasa, to abin da kike aunawa asarar seramik ce haɗe da asarar farantin. In farantin ya dushe ko ya yi tsatsa ko ya karce, kina iya ɗora abu mai Q×f 100,000 ki ga rabinsa. Sai dai ki auna juriyar fuskar farantin ki cire ta a lissafi. Abin da ya fi sauƙi ki sa ƙwayar a cikin akwatin ƙarfe rufaffe, a ɗora ta kan ɗan kwatz ko teflon a tsakiya nesa da bango, ki yi aiki da TE01δ, irin hanyar da Jerzy Krupka na Folan ya yi ta rubutu a kai. Na biyu, Q ɗin da kika karanta daga faɗin 3 dB mai kaya ne, wato har da nauyin wayoyin da ke shigar da sigina, sai kin mayar da shi marar kaya da lissafin S21, ko ki janye furob ɗin baya har tsinin ya sauka wajen −40 dB yadda bambancin zai zama kaɗan. Na uku ki goge fuskokin ƙwayar su kwanta daidai, faɗinta ya kai kusan ninki biyu na kaurinta don kada wasu mod su hau kan wanda kike nema, kuma ki busar da ita a oben kafin awo musamman tunda tana da ramuka.

Ni kuma a matsayina na mai amfani da kayan da kuke gasawa, bari in faɗi abin da ke raina. Kuna son Q da yawa, kowa na neman ya buga adadi mafi girma. Mu a wajen zanen filta in ka ba ni Q×f 40,000 da τf tsakanin −3 da +3 wanda kowane gashi zai fito iri ɗaya, na fi son sa a kan 200,000 mai τf −50. In εr ya kauce da kashi 1 cikin ɗari firikwensi zai kauce da rabin kashi, a 3.5 GHz wajen 17 MHz ke nan, sai an bi kowace filta ana kankare azurfa ana gyara ta da hannu. Tarihin fannin ma abin da ya nuna ke nan. Richtmyer ya yi lissafin rezoneta ta dayalektirik, wato gutsuren abu marar ƙarfe mai riƙe firikwensi, tun 1939, a shekarun 1960 aka gwada TiO2 mai εr wajen 100 da Q mai kyau, amma τf ɗinsa ya haura +400, ba a iya sa shi a na'ura ba. Sai da BaTi4O9 da Ba2Ti9O20 suka zo a shekarun 1970 a Amurka, da (Zr,Sn)TiO4 a Japan, masu εr wajen 38 zuwa 40 da τf ƙarami, sannan abin ya shiga kasuwa.

Nura99:
Injiniya to me ya sa ake haɗa guda biyun, MgTiO3 ɗin shi kaɗai ba ya fi Q ba?

Abdul_Kimiyya:
Nura sbd τf ne. MgTiO3 yana wajen −50, CaTiO3 yana wajen +800 da εr 170 amma Q×f ɗinsa 'yan dubbai ne kawai, wajen 3,600. Kuma ba sa narkewa cikin juna, ɗaya tsarin ilmenait ne ɗaya ferobskait, Ca ya fi Mg girma sosai ba zai zauna a kujerarsa ba, to sai su zauna gefe da gefe kowa da halinsa. In ka lissafa da yawan wurin da kowa ya ci, kashi 5 zuwa 6 na +800 yana kashe kashi 94 na −50. Farashin da ka biya shi ne Q ya sauko daga 160,000 zuwa hamsin da wani abu. Haka ake yi wa fosterait Mg2SiO4 da alumina, su ma τf ɗinsu wajen −60 ne, sai a sa musu TiO2. Ɗayar hanyar ita ce a yi abu guda a cikin ferobskait a yi wasa da karkacewar oktahedira, kamar yadda Reaney da Colla da Setter suka nuna a 1994 cewa abin na bin tolerans fakto, wato yadda girman atam ɗin ya dace da juna, irin CaTiO3 da NdAlO3 da aka yi amfani da shi a turakun sabis mai εr wajen 45.

Usman RF:
Slm. Ina ta karantawa. Ni tambayata ga Dakta, in gilas na kashe Q me ya sa duk masu LTCC, wato seramik ɗin da ake gasawa tare da ƙarfe a ƙaramin zafi, da shi suke aiki?

Dakta Hauwa:
Usman buƙatarsu daban ce. Su suna gasa seramik ɗin tare da layukan azurfa a cikinsa, azurfa kuwa tana narkewa a 961, dole su tsaya wajen 850 zuwa 900. A irin wannan da'irar asarar ƙarfen ce ta fi yawa, to ko seramik ɗin ya rasa wani abu ba a ji sosai. Sun sayar da Q sun sayi ƙanƙanta da haɗa komai a gutsure ɗaya. Rezoneta ta turken sabis ba za ta yarda da wannan cinikin ba. Akwai kuma masu neman kayan da tun asali ba sa son zafi, irin molibdet, Li2MoO4 na daskarewa a wajen 540, har a jami'ar Oulu ta Finlan an danne shi da ɗan ruwa ba tare da gashi mai zafi ba, amma abin da ke narkewa a ruwa ka san sai an kare shi daga danshi. Wannan zance ne mai tsawo, a buɗe masa nasa wurin kar mu ɓatar da Safiyya.

Safiyya ga abin da nake so ki yi. Gari sabo, MgO ƙonanne, itanol, niƙa awa 12 zuwa 24. Ki yi MgTiO3 daban CaTiO3 daban, ki ƙona kowanne a wajen 1100, ki yi XRD ki tabbata tsinin 25 ɗin nan babu, in yana nan ki ƙara MgO kaɗan. Sannan ki haɗa ki sake niƙawa, ki tace da rariya bayan kin sa PVA. Ki gasa a 1350, 1400, 1450, awa huɗu kowanne, ƙwaya uku-uku aƙalla. Kar ki ɗauka mafi zafi shi ne mafi kyau, in ya wuce kima wasu ƙwayoyin kiristal da ke ciki na kumbura su haɗiye ramuka a cikinsu, densiti ya koma ƙasa. Wajen neman CaTiO3 a XRD ki duba wajen digiri 47.5, babban tsininsa na 33 yana ɓuya a bayan na MgTiO3.

Abdul_Kimiyya:
Na yarda da tsarin amma ina roƙon abu ɗaya, tunda za ta kunna tanderu ko ta yaya, ta yi gari na biyu mai Zn kashi 5 ta gasa su tare a wuta ɗaya. Ba ta yi asarar lokaci ba kuma kwatancen zai fi inganci.

Malam Sani Lab:
In za a yi haka kar a sa su a faranti ɗaya Abdul, Zn na tashi a wannan zafin ya sauka kan na kusa da shi. Kowanne da kurusibul ɗinsa da murfi, a shimfiɗa garin irinsa a ƙasa kar ƙwaya ta taɓa alumina kai tsaye.

Dakta Hauwa:
Da wannan sharaɗin na Malam Sani ban ƙi ba. Amma zallan za ta fara aunawa.

Safiyya_MSc:
Salam, na dawo bayan sati uku, ku gafarce ni da shiru. Baba Sani MgO ɗin nan da na ƙona nauyinsa ya ragu da kusan kashi 9, na maimaita don ban yarda ba. Tsinin 25 ya kusa ɓacewa, saura ɗan alama. A 1400 densiti ya kai kashi 96, a 1450 ya ɗan sauka kuma da na fasa ɗaya tsakiyarta ta yi duhu kamar yadda kuka ce. εr yanzu 20.3. Mun samu akwatin awo na aro, Q×f na 1400 ya ba ni wajen 48,000, har tsofaffin ƙwayoyina da na sake aunawa a cikinsa sun ba da fiye da abin da faranti ya nuna, Yaya Bashir ka yi gaskiya. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Mai Zn ɗin yana nan na gasa ban auna ba tukuna. Saura τf, daga 25 zuwa 85 na samu wajen −8, shin in ƙara CaTiO3 zuwa kashi 6 ne ko in bar shi?

Injiniya Bashir:
Madalla. Kafin ki taɓa haɗin, minti nawa kike bari a kowane zafi kafin ki karanta? Seramik ba ya ɗaukar zafi da sauri, in oben ya nuna 85 ƙwayar ba ta kai ba tukuna. Ki jira tsinin ya daina motsi, ki auna hawa ki auna sauka, kuma ki tuna shi kansa akwatin yana buɗewa da zafi yana ƙara nasa.

Dakta Hauwa:
In kin yi abin da Injiniya ya ce −8 ɗin bai tafi ba, ki yi kashi 6 da 7 ki ja layi ki ga inda ya ratsa sifili, Q zai ɗan sauka kar ki tsorata. Ƙwayoyin 1450 masu duhun ciki kar ki zubar, ki riƙe biyu a 1050 na awa goma ki sake aunawa, ina so in ga ko Q zai dawo. Mai Zn kuma ki auna densitinsa da XRD kafin ki kai shi VNA.

Abdul_Kimiyya:
Ki turo hoton SEM, wato na madubin lantarki mai girmama ƙananan abubuwa, na duka biyun in kin samu, mai Zn da zalla, a zafi ɗaya da girma ɗaya. Ina son ganin girman ƙwayoyin kafin mu ce komai a kan adadin.

Safiyya_MSc:
To Yaya Abdul, ranar Talata aka ba ni layi a SEM, in sha Allah da na fito zan saka su nan.